Yadda za ka ci moriyar babban birni daga ƙofar otal ɗinka: kallo, sayayya da shaƙatawa

Da yawa daga cikin masu sauka a otal a babban birnin wata ƙasa ba yawon buɗe ido ne ya kai su ba. Wani taro ya je, wani ganin likita, wani neman biza ko harkar kasuwanci. Sai mutum ya yi kwana huɗu ya dawo bai san komai ba sai ɗakinsa da zauren taro da titin filin jirgi. Wani kuma tun daga gida ya rubuto wurare goma sha biyar, ya ƙare kwanakinsa a cikin tasi yana kallon bayan motar da ke gabansa. Duka biyun sun yi asara, kuma daga wuri ɗaya ta samo asali: ba su tsaya sun san unguwar da suka kwana a cikinta ba.

Otal ɗinka shi ne turke. Daga nan za ka riƙa auna garin, kuma ma'aunin shi ne ƙafarka da lokacinka. Nisan da taswira ke nunawa yana yaudara. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: tun kafin ka taso, ja da'ira uku

Buɗe taswirar wayarka, ka nemo otal ɗin, ka sa masa alama. Sannan ka saukar da taswirar garin a wayar yadda za ta yi aiki ko babu intanet, domin ranar farko ita ce ranar da aka fi rasa layi. Google Maps na da wannan damar. In Bejin za ka, ka sani cewa manhajojin Google ba sa aiki a Sin yadda ka saba, don haka ka tanadi wata taswirar tun kana gida.

Da'irar farko ita ce duk abin da ƙafa za ta kai ka cikin minti 15, wato kimanin kilomita ɗaya. Ta biyu, inda jirgin ƙasa ko bas ɗaya zai kai ka ba tare da sauyi ba. Ta uku, wuraren da sai ka ba su rabin yini ko yini sukutum. Duk wurin da ka ji sunansa kana sha'awa, ka jefa shi cikin ɗaya daga cikin ukun. Nan take za ka ga abin da zai yiwu da wanda buri ne kawai.

Misali, wanda ya sauka kusa da dandalin Tahrir a Alƙahira, tsohon gidan adana kayan tarihi na Masar da aka buɗe a 1902 yana cikin da'irarsa ta farko, haka ma bakin kogin Nilu. Masallacin Azhar da kasuwar Khan el-Khalili suna ta biyu. Dalar Giza kuwa, duk da nisanta bai kai kilomita 20 ba, ta uku ce, saboda cunkoson motoci. A Washinton kuma yaudarar ta wata fuska take zuwa: ka tsaya a gaban ginin majalisa ka hango wurin tunawa da tsohon shugaban Amurka Lincoln kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali tsakaninsu kusan kilomita 3 ne.

Mataki na biyu: san ranar da ake rufewa

Wannan shi ne matakin da na fi so a kula da shi, don babu abin da ke karya gwiwar baƙo kamar ya sha hanya ya tarar da ƙofa a garƙame. Kowane gari da ranakun hutunsa, kuma ba sa bin hankalin baƙo.

A Paris, gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, shi kuwa na Orsay da ke tsallaken kogi Litinin yake hutawa. Wanda ya san haka sai ya musanya su, ba abin da ya rasa. Tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Bejin a rufe take ranar Litinin, kuma tikitinta ta intanet ake saya da lambar fasfo.  A Barlin kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi, in ban da ƴan kaɗan da ke manyan tashoshin jirgin ƙasa, don haka wanda ya bar sayayyarsa sai Lahadi zai koma da jaka wayam. A Alƙahira da Riyad hutun mako Juma'a ne da Asabar. A Kigali, safiyar Asabar ta ƙarshen kowane wata ta aikin gayya ce, wanda suke kira Umuganda: shaguna a rufe, tituna shiru, sai can wajen ƙarfe 11 gari ke komawa daidai.

Adis Ababa tata dabarar daban ce. Mutanen Habasha suna fara ƙirga awannin yini daga fitowar rana, ƙarfe 7 na safe a agogonka shi ne ƙarfe 1 a nasu. In direba ya ce zai zo ƙarfe 2, ka tambaye shi da wane agogo, don mai yiwuwa 8 na safe yake nufi.

Sannan kada ka dogara da labarin wanda ya je shekarun baya. Kaya na tashi daga wuri zuwa wuri. A watan Afrilun 2021 aka kwashe gawawwaki 22 na fir'aunoni da sarauniyoyi daga gidan tarihin Tahrir aka mayar da su wani sabon gidan tarihi a unguwar Fusɗaɗ. Mai zuwa Tahrir don ya gan su zai tarar ba sa nan. Ka duba shafin wurin da kansa kwana ɗaya kafin ka je, ka ga lokacin buɗewa da lokacin da ake daina shigar da mutane, wanda yawanci yana riga lokacin rufewa.

Mataki na uku: awa ɗaya ta farko bayan ka ajiye jaka

Kafin komai, ka ɗauki katin otal ɗin da ke kan kanta, wanda ke da suna da adireshi da rubutun ƙasar. A garin da haruffansu ba irin naka ba ne, kamar Tokiyo ko Bankok, wannan ɗan katin shi zai dawo da kai gida in caji ya ƙare. Fasfo ka ɗauki hotonsa a waya, ka kuma tambaya ko dokar ƙasar ta wajabta yawo da na ainihi. A Japan dole ne baƙo ya riƙe nasa.

Sai ka yi magana da ma'aikatan tarbar baƙi, amma ka iya tambaya. In ka ce "ina ne ya fi kyau a garin nan?" za a miƙo maka takardar kamfanin yawon da otal ke samun la'ada a kansa. Na taɓa tsayawa gaban wata ma'aikaciya da ta fara jero mini irin waɗannan, sai na ce mata, "Baiwar Allah, da ɗan'uwanki ne ya zo da yamma ɗaya tak a hannunsa, ina za ki kai shi?" Ta ajiye takardar, ta jawo taswira, ta zagaye wani lambu da wani titin masu sana'ar hannu da biro, sannan ta ja layi a kan wata hanya ta ce kada in bi ta bayan magariba. Wannan layin da ta ja ya fi duk takardun nan amfani. Tambayoyin da ke fitar da amsa mai nauyi ƙanana ne: nawa tasi ke karɓa daga nan zuwa wuri kaza, wace manhajar kiran mota ake amfani da ita, wane ɓangare ne ba a bi da dare, ina kantin magani mafi kusa.

Daga nan ka fita da ƙafa, ba don ka ga wani abu ba, don ka san unguwar. Zagaya da'irar farko da sauran hasken rana. Ka lura da tashar jirgi ko ta bas, na'urar cire kuɗi da ke jikin banki, ƙaramin kantin da za ka sayi ruwa, wurin cin abincin da ka ga ƴan gari sun cika, da wurin ibada in kana bukata. Ka riƙe wani dogon gini ko hasumiya a matsayin alama. In garin na kan tudu ne, kamar Adis Ababa da ke sama da mita 2,300, ka taka a hankali ranar farko, numfashi na yankewa da wuri.

Mataki na huɗu: koyi hanyar shiga motar gari

Abu biyu kawai za ka sani: yadda ake biya, da lokacin da ake tashi aiki. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai katin Oyster ko katin bankin da ake ɗorawa kan na'ura. A Barlin babu shinge a tasha, kowa shiga yake yi, amma in tikitin takarda ne sai ka buga masa hatimi a ƴar na'urar da ke dandamali kafin ka hau, in ba haka ba tara ce ko da ka saya. Jiragen Tokiyo suna tsayawa wajen tsakar dare zuwa ƙarfe 1, ba su dawowa sai asuba. Ga mata, jiragen ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira da Delhi suna da taragon da aka keɓe musu, kuma yana sauƙaƙa tafiya sosai lokacin cunkoso.

Tasi kuwa, ko dai mita ko a yanke kuɗi kafin ka zauna. Kada ka bari sai an iso.

Mataki na biyar: babban wuri ɗaya a yini

Taura biyu ba ta taunuwa. Ka zaɓi babban wuri ɗaya ka ba shi safiyarka, ka isa daidai buɗewa kafin motocin ƴan yawon buɗe ido su sauke jama'a. Sauran yinin ka cika shi da ƙananan abubuwan da ke kusa da shi. Wanda ya shiga Louvre da safe, lambun Tuileries na bakin ƙofarsa, in ya ratsa shi zai ɓulla dandalin Concorde, ba ya bukatar mota ko ɗaya. Wanda ya fara da Azhar, wanda aka aza tubalinsa a shekarar 970, titin Mu'izz da tsofaffin masallatansa da makarantunsa na nan ƴan taku kaɗan.

A cikin babban gidan tarihi kada ka ce sai ka ga komai. Zaɓi ɗakuna uku ko huɗu tun daga taswirar bakin ƙofa, ka miƙe can kai tsaye, ka tsaya ka karanta, ka zauna in akwai benci. Bayan awa biyu ido kan gaji, abin da ka gani daga nan wucewa kawai yake yi.

Manyan birane suna da wata falala da ba kowa ya sani ba: yawancin dukiyar tarihin ƙasa a nan take, kuma wasu kyauta ake shiga. Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda aka kafa a 1753, ba a biyan kuɗin shiga manyan ɗakunansa. Gidajen tarihi na Smithsonian a Washinton ma haka. Gidan tarihi na Prado a Madrid kyauta ne a awa biyu na ƙarshen yini, sai dai layin kan yi tsawo. Kabarin Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, a Ankara ba a biya. Wani lokacin ma daji ne a bakin gari: gandun namun dajin Nairobi, da aka kafa a 1946, kimanin kilomita 7 ne daga tsakiyar birni, har ana ɗaukar hoton raƙumin dawa da dogayen gine-gine a bayansa. Shi sammako yake so, don da rana dabbobi sukan laɓe.

Akwai abu biyu da suka keɓanta da babban birni. Na ɗaya, shi ne mazaunin gwamnati, cike yake da fadar shugaba, barikoki da ofisoshin jakadanci. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton ginin da soja ke tsaye a gabansa sai ka tambaya, kuma jirgi mara matuƙi ka bar shi a gida. Na biyu, sutura. Majami'ar Waliyyi Bitrus da ke Batikan a tsakiyar Roma ba ta shigar da mai kafaɗa ko gwiwa a buɗe, babbar fadar Bankok ma haka, masallatai kuwa ba sai an faɗa ba. Wurare irin su wurin tunawa da kisan ƙare dangi na Kigali maƙabarta ce, a shige ta da natsuwar da ta dace da maƙabarta.

In kuma a hanya wani mai fara'a ya tare ka ya ce wurin da za ka a rufe yake yau, amma zai kai ka wani da ya fi shi, ka gode masa ka ci gaba da tafiya har ka ga ƙofar da idonka. Wannan tsohuwar dabara ce, an san ta sosai a kewayen fadar Bankok, kuma ƙarshenta shagon da ke ba shi kamasho.

Mataki na shida: sayayya, ka fara da ido kafin aljihu

Ranar farko kallo za ka yi. Nemi shagon da farashinsa a rubuce yake, ko na gidan tarihi ko na gwamnati, irin babban kantin kayan sana'ar hannu da ke titin Janpath a Delhi. Ba lallai ka saya a nan ba. Kana so ne ka san kimar kaya da kamannin mai kyau: nauyin tagulla ta gaske a hannu, bayan darduma inda ƙullin saƙar hannu ke fitowa ba daidai wa daida ba, ƙamshin fata. Da wannan sanin za ka shiga kasuwa irin Khan el-Khalili, ko Merkato ta Adis Ababa, ko Chandni Chowk ta Delhi, ko kasuwar Masai ta Nairobi wadda ke sauya wuri daga rana zuwa rana, don haka sai ka tambayi inda take ci a ranar.

Wajen ciniki, ka yanke a ranka iyakar abin da za ka biya kafin ka buɗe baki. Ka gaisa, ka bari mai kaya ya fara faɗin kuɗi, ka taya ƙasa da iyakarka don ka sami wurin hawa. In ya ƙi, ka yi godiya ka juya a hankali. In akwai sauran rangwame zai kira ka kafin ka kai shago na uku, in bai kira ba ka san ka taɓo gindin farashin. Amma da zarar ka taya ya sallama, ciniki ya faɗa, kada ka janye. Kuma kada ka tsaya jan rai da tsohuwar da ta saƙa abu da hannunta a kan kuɗin da ba zai saya maka kofin shayi a otal ɗinka ba. Ka tafi kai kaɗai ko da abokin tafiya, don duk wanda ya raka ka shago da sunan taimako, kasonsa a cikin kuɗinka yake.

In da kati za ka biya, na'ura kan tambaya ko a cire da kuɗin ƙasarka ko da na ƙasar da kake. Zaɓi na ƙasar da kake. Ɗaya zaɓin canji ne da shagon da kamfaninsa suka yanka, kuma kusan kullum ya fi tsada. Haka abin yake a na'urar cire kuɗi.

A wasu ƙasashe baƙo na iya karɓo harajin da aka ɗora wa kaya. A Faransa, in ba a Tarayyar Turai kake zaune ba kuma ka yi sayayyar da ta haura Yuro 100 a shago ɗaya, ka nuna fasfo su cika maka takarda, ka tantance ta a filin jirgi kafin ka miƙa jakunkuna, don jami'an kwastan na iya cewa su ga kayan. Ingila kuwa ta soke wannan tsarin tun farkon 2021, kada ka sa rai a Landan.

Hauren giwa, ƙoƙon kunkurun teku da fatun wasu namun daji haramtattu ne a cinikin ƙasa da ƙasa, kuma Masar ta hana fitar da kayan tarihi na gaske. In mai shago ya rantse maka cewa abu daga kabarin fir'auna ya fito, ko dai ƙarya yake yi ko kuma yana sayar maka da abin da zai sa a tsare ka. Turare da mai da duk abu mai ruwa da ya wuce mililita 100 a babbar jaka ake sa shi. Ka duba nauyin da tikitinka ya ba ka, galibi kilo 23 ne ga jaka ɗaya, kafin ka ɗauki tsarabar da za ta ci kuɗin da ya fi nata.

Mataki na bakwai: dare

Ka fara tsara dawowa kafin fita. Yaushe jirgin ƙarshe, akwai caji a waya, katin otal na aljihu? In waɗannan sun kammala, sauran daɗi ne.

Mafi kyawun shaƙatawar dare sau da yawa ba ta da tsada. A Alƙahira, ka hau kwale-kwale mai filafilai a kan Nilu daf da faɗuwar rana, bayan kun daidaita kuɗi da tsawon lokaci da mai jirgin. A Kwala Lamfur ana wasan ruwa da fitilu kowane dare a tafkin da ke gindin tagwayen hasumiyoyin Petronas, iyalai na zaune a kan matakala suna kallo kyauta. A Landan akwai rumfar TKTS a dandalin Leicester da ke sayar da tikitin wasan kwaikwayo na ranar da rangwame. Tikitin ƙwallo ko na wani babban taro a shafin masu wasan ake saya, na ƴan bakin ƙofa na iya zama jabu.

Ka kuma san agogon cikin garin. A Madrid ba a cika cin abincin dare kafin ƙarfe 9 ba, wanda ya je ƙarfe 7 zai tarar ana shirya tebura. Kyautar da ake ba mai kawo abinci ma ta bambanta: a Washinton ana sa ran kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin, a Tokiyo kuwa ba a bayarwa sam. Wurin cin abinci, ka yi nesa da bakin babban abin kallo da titi biyu ko uku, ka shiga inda ka ji harshen garin ya fi yawa. In akwai abin da ba ka ci, ka sa ma'aikacin otal ya rubuta maka shi da harshensu a takarda.

Inda jama'a suka taru, nan ƴan sane suke. Waya da walat a aljihun gaba, jaka a gabanka, kuɗin yini kaɗai a jikinka, sauran a akwatin ajiyar ɗaki. Lambar neman agaji a duk ƙasashen Tarayyar Turai 112 ce, a Ingila 999, a Amurka 911. Ta kowace ƙasa ka adana ta a waya ranar da ka sauka.

Ranar tafiya

Yawancin otal-otal suna so a bar ɗaki wajen ƙarfe 11 ko 12 na rana, amma suna ajiye wa baƙo kaya har yamma. Ka haɗa jaka tun dare, ka miƙa ta, ka karɓi ƴar takardar shaida. Awannin da suka rage na da'irar farko ne kawai: lambun da ka wuce ba ka shiga ba, shagon da ka yi wa alama ranar farko, tsarabar mutum ɗaya da ka manta. Kada ka tsallaka gari a wannan ranar. Ka tambayi masu otal tsawon lokacin da hanyar filin jirgi ke ci a daidai sa'ar da za ka fita, ka ƙara rabin awa a kai, in kuma da takardar karɓar haraji a hannunka ka ƙara wani rabin.